Kafin Alƙalami

Ranar Asabar da ta wuce na biya ta shagon zane na ɗan ƙanwata a unguwar Mabera, nan Sakkwato, ba don komai ba sai don in sha iskar fankarsa, tunda shi yana da sola ni ba ni da ita. Ina zaune wata Bayarbiya mai ɗinki ta yi sallama, irin waɗanda aka haifa a garin nan, Sakkwatancinta ya fi na wasunmu fita. Tana son a zana mata tambarin da za ta riƙa liƙawa a wuyan riguna, da allon da za ta kafa a ƙofar shago. Kuɗinta na hannunta, ina ganinsu. Yaron nan ko ɗago kai bai yi daga kwamfutar hannunsa ba, ya ce mata ta dawo bayan wata biyu, yanzu babban aiki ke gabansa. Da ta fita na tambaye shi wane aiki ne haka. Ya ce yaron wani Honorabul ne ya sa shi zana hoton mai gidansu kala goma sha biyu, na fosta da na riguna, saboda zaɓen 2027, kuma in abin ya yi kyau shi za a danƙa wa aikin gaba ɗaya. Na ce nawa suka ba ka? Ya ce, "Haba Kawu, ai irin mutanen ga ba a yi musu maganar kuɗɗi tun hwarko."

Na yi shiru, don muryata na ji ta fito daga bakinsa.

Ni ban yi jami'a ba. Na so in tafi Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da sashen koyon zane, mahaifina ya ce ba da yawunsa ba ɗansa zai je ya koyi zana abu mai rai. Sai na ɓuge da wanke buroshi a wurin wani Bayarabe ɗan Ogbomosho mai rubuta allon shaguna, shekara huɗu, har na buɗe tawa rumfar kusa da titin Emir Yahaya. Kuma Allah ya rufa asiri. Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a unguwar Sahara su kan sa in zana musu fulogi da fistin a jikin ƙofa. Masu aski suna son kawuna shida a allo ɗaya, kowane da nasa salon. Direbobin da ke shigowa daga Birnin Ƙonni ta Illela suna kawo mini takarda da Faransanci in kwafa a bayan mota, ban san me take cewa ba, amma ban taɓa ɓata harafi ba. Makarantun Islamiyya na son baƙaƙen Larabci a bango, coci na son ƙyallen bikin godiya, Bazabarme mai shayi na son sunansa da jan fenti. Akwai allon da na taɓa rubutawa wani mai maganin gargajiya da boko da ajami da Turanci da Faransanci, duk a katako ɗaya. Kuɗin ba su da yawa, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar allonsa bai biya ba.

Abin da ke cina a lokacin shi ne raini. Na raina aikin, na raina masu kawo shi. Ina ganin hannuna ya wuce fistin. Ina son a ce da ni mai zane, ba mai fenti ba.

Ana haka zaɓen 2007 ya matso. Wani yaron ɗan siyasa ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya ce mai gidansu na neman kujerar majalisa, an nuna masa wani zane nawa ya yaba. Suna son ƙyallaye tamanin da fuskarsa, da riguna. Na buɗe baki zan yi maganar kuɗi, sai ya dafa kafaɗata ya ce in abu ya tabbata, ni da talauci sai dai a labari. Kunya ta kama ni. Na tafi Babbar Kasuwa na ɗauki alawayyo bashi a wurin wani Alhaji da ya san mahaifina, na ɗauki fenti bashi, na ɗauki yara uku aiki. Cikin zafin Maris, wanda ya san Sakkwato ya san abin da nake nufi, fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya kai ga yadi, muna kwana a rumfa da fitilar ƙwai. A makon nan ne wani Ibo da ya shekara shida yana ba ni aiki ya zo, ya buɗe sabon shago yana son allo. Na ce masa, "Oga, ka dawo bayan zaɓe." Bai ce komai ba, ya ce to.

To amma a yi mini adalci. Kowa haka yake yi a lokacin. Na san wanda irin wannan aiki ya ba shi babur, na san wanda ya samu kujerar Makka. Ina da shekara ashirin da tara, an sa mini rana, kuɗin lefe ba su haɗu ba. Wa zai ga ƙofa a buɗe ya ƙi shiga? Kuma a tarbiyyarmu, yaro ya dubi babba ya ce sai ka biya kafin in taɓa aikinka, ai rashin kunya ce. Har yau wani lokaci ina ganin da mutumin na kirki ne, da yanzu wata magana ake yi, da ni ne ake kawo wa yara su ga misali. Sai dai kuma in na tuna, ba a ɗaura mini wuƙa a wuya ba. Kwaɗayi ne, na yafa masa rigar kunya.

Mutumin ya ci zaɓe. Wannan ne ma abin da ya fi ƙona mini rai, da ya faɗi da na ce ƙaddara ce ta haɗa mu. Wata bakwai ina sintiri a ƙofar gidansa. Yau yana Abuja, gobe yana barci, jibi yana ganawa da baƙi. Rana ɗaya na gan shi ido da ido, na durƙusa na ce ranka shi daɗe, ya ce a'a, mai zanenmu ne, ya sa aka ba ni shadda yadi biyar da naira dubu biyar in sha ruwa. Bashin da ke kaina ya haura dubu ɗari. Na sayar da babur ɗina na biya Alhaji mai yadi, aka ɗaga aure shekara guda. Da na koma Sahara neman Oga, na tarar da allonsa a kafe, ba na fenti ba ne, na roba ne da inji ya buga, wani yaro mai kwamfuta ya yi masa. Ya gaishe ni da fara'a, ya sayo mini lemo, bai sake ba ni aiki ba.

Ita kanta kwamfutar na raina ta. Na ce wa mutane yayi ne, rana za ta cinye launin robar nan cikin damina biyu. Ta kuwa cinye, amma sai su sake bugawa, don ya fi araha. Sai da na kai 2013 kafin na zauna gaban CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta, yaron da na girme wa da shekara goma sha biyar yana koya mini yana danne dariya. A zaɓen 2011 kuma na ga zanen fuskar nan tawa, wadda na kwana uku ina gyara inuwar hancinta, an buga ta a fosta ko'ina. Babu sunana, don ban taɓa sa shi ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ku matasa masu zane. Da na lissafa, ba su kai ba.

Ku karɓi kafin alƙalami. Rabin kuɗi, kafin fensir ya taɓa takarda. Malamin da zai yi maka rubutun sha, da tsoron Allahnsa da komai, sai ka ajiye wani abu kafin ya tsoma alƙalami a tawada, kai wane ne? Wanda ya ce maka ya fi ƙarfin a yi masa maganar kuɗi, shi ne ya kamata a fara yi wa. Ko da yake, kada ku zama kamar masu karɓar haraji. Maigidana ɗan Ogbomosho yakan yi wa gwauruwa mai tuwo allo ya ce ta biya in ta samu, kuma bai mutu da yunwa ba. Yadda za ku bambance wanda za a ɗaga wa ƙafa da wanda ba za a ɗaga wa ba, wannan kam ku da Allah, ni da na iya da ban sayar da babur ba.

Kada ku kori mai ƙaramin aiki. Garin nan ba na Hausawa da Fulani kaɗai ba ne, kasuwarku tana bakin Bayarabe da Ibo da Bazabarme da Buzu da Badakkare. Ku iya gaisuwa da harshensu, ba za ta rage ku da komai ba. Amma yaran yanzu ko da Hausar ma ba sa gaisuwa, kunne a toshe da waya, baƙo ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Sun iya zana 'yan mata masu manyan idanu irin na katun ɗin Japan, ka ce su zana maka raƙumi a kasuwar Kara ko jar akuyarmu ta Sakkwato, sai su nemo hoto a intanet. Nawa ne cikinku suka taɓa shiga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu? Nawa ne suka zauna kusa da baduku suka kalli yadda yake fitar da ado a fata, ko suka dubi zayyanar allon sauka da idon mai koyo? Ku ajiye wayar nan ku ɗauki fensir. To, kada ku ajiye ta gaba ɗaya, ni da na ƙi inji kun ji inda na ƙare, kuma ta Instagram ɗin nan ne ɗan ƙanwar tawa ya samu aikin zanen littafin yara daga Legas, aka biya shi cas. Ku sa sunanku a ƙasan kowane zane, ko na shagon aski ne.

Da na bar Mabera ranar nan, sai na bi layin teloli ina tambaya har na gano shagon matar. Na ce, "Iya, ni kawun yaron can ne, zan yi miki allon da hannu, amma sai kin ba da rabi." Ta yi dariya ta ƙirgo mini. Allon na nan na kusa gamawa, hannu na ɗan rawa amma haruffan sun miƙe. Tambarin ne ya gagare ni, don na wuyan riga sai an fitar da shi a kwamfuta da kyau, ni kuma iyawata ba ta kai can ba. Jiya na koma wurin yaron, na same shi a kan hoton Honorabul na tara, na ce ya taimaka ya yi mini. Ya cire abin kunnensa guda ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Awo Kawu, zan yi. Nawa za ka aza kahin alƙalami?"