Teburin da Za Mu Ji Juna

A shekarar da aurenmu ya cika shekara tara, na kai uwargidana wani gidan cin abinci da sunansa ke bakin kowa a lokacin, bayan na yi mako uku ina jiran a samar mana tebur. Na tafi da wata magana a raina wadda na daɗe ina tanadinta, domin shekarar ta zo mana da jinya mai tsawo, kuma ita ce ta ɗauki nauyin gidan da nawa ba tare da na taɓa jin ƙorafi daga bakinta ba, ni kuwa ban taɓa zaunar da ita na gode mata yadda ya kamata ba. Aka zaunar da mu a tsakiyar wani babban zaure mai daɓen dutse mai sheƙi, bangonsa gilashi ne daga sama har ƙasa, kicin ɗinsa a buɗe yake ana jin ƙarar tukwane da kiran masu girki, ga kiɗa yana saukowa daga rufi. Sau uku ina fara maganar, sau uku tana sunkuyowa ta dafa gefen tebur tana cewa, "Maigida, me ka ce?" A karo na uku sai na ce mata abincin ya yi daɗi, kuma gaskiya ne ya yi, amma na koma gida da maganata kamar yadda na fito da ita.

Na daɗe ina tunanin wannan dare, har na gane inda kuskuren yake. Na zaɓi wurin ne saboda yabon da ake yi wa girkinsa, alhali abin da na je nema ba girki ne kaɗai ba. Yawancin ma'aunan da ake ɗaga darajar irin waɗannan gidaje da su abin da ke cikin faranti suke aunawa. Mafi shahara a cikinsu, wato taurarin Michelin, asalinsu daga kamfanin taya ne na Faransa, wanda 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, suka fara buga wa direbobi ɗan littafin jagora a shekarar 1900 domin su yawaita tafiya, tayoyinsu su cinye, su sayi sababbi. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 kuma aka kai matakan zuwa uku. Masu binciken kamfanin suna duba ingancin kayan da aka yi girki da su, da ƙwarewar hannu, da yadda ɗanɗano ya haɗu, da yadda halin mai girkin ya fito a abincinsa, da kuma ko ingancin yana ɗorewa daga ziyara zuwa ziyara. Duk waɗannan abubuwa ne masu muhimmanci, kuma ina girmama wanda ya same su da guminsa. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da zai gaya wa mutum ko matarsa za ta ji muryarsa daga ɗaya gefen tebur.

Saboda haka abu na farko da nake aunawa yanzu shi ne ƙara. Hirar mutum biyu cikin natsuwa tana kusan desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti, zauren cin abinci da ya cika maƙil kuwa ba wuya ya kai 80, kuma kunnen ɗan'adam yana jin duk ƙarin desibel 10 kamar an ninka ƙarar sau biyu. Akwai wani abu kuma da wani likitan kunne ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana tun a 1911: mutum yana ɗaga muryarsa ba da saninsa ba idan ƙarar da ke kewaye da shi ta ƙaru. Teburin kusa da ku ya ɗaga murya domin ya rinjayi kiɗa, ku ma ku ɗaga domin ku rinjaye shi, na gaba da ku ya bi sahu, kafin a ankara zauren gaba ɗaya ya koma kamar ana gardama. Akwai maganganun da ba sa jure a faɗe su da ƙarfi, godiya da neman afuwa da alkawari suna cikinsu, domin da zarar an ɗaga murya sai su sauya kama su zama sanarwa.

Abin da ke sa ɗaki ya yi shiru ba sirri ba ne, ido ma yana iya ganinsa tun daga hoto. Dutse da gilashi da siminti da ƙarfe suna mayar da sauti, shi kuwa yadi yana shanye shi. Labule mai kauri, da kafet, da kujeru masu katifa, da mayafin tebur wanda aka shimfiɗa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashi domin kada cokali da kofi su yi ƙara idan an ajiye su, waɗannan su ne suka sa tsofaffin gidajen abinci na alfarma suke da natsuwa. Yayin gini na zamani ya kwashe yawancinsu, ya bar bango tsirara da tebur tsirara saboda sun fi kyau a hoto kuma sun fi sauƙin gogewa. Ba na zargin masu gidajen, domin wankin mayafai da gugarsu kullum ɗawainiya ce babba, amma ni idan na ga hoton zaure babu ko ƙyalle ɗaya a cikinsa, na san ba nan zan kai matata ba.

Da shekara ta goma ta gabato, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je da ƙafata, domin gani ya kori ji. Na zaɓi gidaje uku, na ziyarci kowannensu a irin ranar da kuma irin lokacin da nake son mu je, tunda ɗakin da yake shiru da yammacin Talata yana iya zama wani abu dabam da daren Asabar. Ba sai mutum ya ci abinci ba. Ya isa ya tsaya a bakin ƙofa na minti biyar, ya gaida mai karɓar baƙi, ya ce yana son ganin wurin kafin ya kama tebur. Wanda na zaɓa a ƙarshe tebur goma sha biyu ne kacal a cikinsa. Na lura cewa tsakanin tebur da tebur mai hidima yana wucewa da faranti a hannu ba tare da ya karkata jikinsa ba, kuma daga inda nake tsaye ina ganin leɓɓan wasu ma'aurata suna motsi amma ban ji ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba. Wannan shi ne abin da ya yanke mini shawara.

A cikin ɗaki ɗaya ma teburori ba su zama ɗaya ba. Akwai wanda ke kusa da ƙofar kicin, da na kan hanyar bayi, da wanda ke bakin ƙofar shiga inda iska ke bugun mutum duk lokacin da aka buɗe, da wanda ke ƙarƙashin lasifika ko na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk kuɗinsu ɗaya da na teburin da ke lungu. Na nuna wanda nake so da hannuna, na roƙi a rubuta shi a littafinsu. Na kuma roƙi a jera kujerun biyu a kusurwa, ba gaba da gaba ba, domin zaman fuska da fuska a kan faffaɗan tebur yana kama da zaman tattaunawar aiki, a kusurwa kuwa ana kusa da juna, ana iya yin ƙasa da murya, kuma hannu yana isa ga hannu ba tare da an tsallake kofuna ba. Haske ma na duba shi. Hasken kyandir da na fitila mai ruwan ɗorawa yana tausasa fuska, farin haske mai kama da na ofis kuwa yana fito da gajiyar wuni a fuskar kowa; amma duhun da zai sa mutum ya kunna fitilar wayarsa kafin ya karanta jerin abinci shi ma ya wuce gona da iri.

Sai batun waya, kuma a nan ne ake gane Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba. Ko da ana iya kama tebur ta intanet, na fi son in yi magana da mutum, domin yadda aka amsa tambayoyina yana nuna mini yadda za a karɓe mu. Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce ko teburin namu ne har ƙarshen dare. Gidaje da yawa suna zaunar da baƙi kashi biyu a dare ɗaya, musamman a ƙarshen mako, sai a ba kashin farko awa ɗaya da rabi ko awa biyu, kuma babu abin da ke kashe hira kamar ganin mai hidima yana kai kawo da ido a kan agogo. Wanda ya kama lokaci na biyu ba a korarsa. Ranar 14 ga Fabrairu kuwa, wato ranar masoya, wadda mutane da yawa suke ɗauka ita ce ta fi dacewa, ita ce ranar da ake ƙara teburori a zaure, a taƙaita jerin abinci, kicin kuma ya yi aiki fiye da ƙarfinsa. Duk wanda ranarsa ta musamman za ta iya matsawa zuwa tsakiyar mako, ina ganin ya ci riba.

Akwai wata shawara da na yanke wadda na san masu son girki za su yi mini musu a kanta. Manyan gidaje da yawa suna ba da abin da zan kira jerin ɗanɗano, wato ƙananan faranti bakwai ko goma ko fiye waɗanda shugaban kicin ya tsara, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya cikin awa uku ko kusa da haka. Shi wannan tsari na kawo abinci kashi-kashi, maimakon a jibge komai a tebur lokaci guda, ana kiransa hidima irin ta Rasha, ana kuma danganta shigarsa birnin Faris da jakadan Rasha Alexander Kurakin wajen 1810, kafin ya game Turai a rabi na biyu na ƙarni na 19. Tsari ne mai kyau, domin kowane abinci yana zuwa da zafinsa. Amma a lissafa: faranti goma yana nufin sau goma ana zuwa a sauya cokula, sau goma a tsaya a yi bayanin abin da ke cikin faranti, sau goma a dawo a kwashe. A irin wannan dare shugaban kicin shi ne mai magana, ku biyun masu sauraro ne. Idan dukanku girkin kuka je gani, babu abin da ya fi shi. Ni da nake da maganar da zan faɗa, kashi uku na zaɓa mana, tare da tazara mai tsawo a tsakaninsu.

A wannan kiran ne kuma ya kamata a faɗi abin da ba a ci. Girkin alfarma, musamman wanda ya bi salon Faransa, yana yawan amfani da giya a cikin miya da romo, kuma dafawa ba ta kore ta gaba ɗaya. Sinadarin da ake daskarar da wasu kayan zaƙi da shi kuma sau da yawa daga alade ake samunsa. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi wani abu, ya faɗa tun kwana biyu ko uku kafin ranar, domin yawancin romo da miya tun da safe ko tun jiya ake haɗa su, ba a iya cire abin da ya riga ya narke a ciki. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta wa gidajen abinci, tun daga Disambar 2014, su bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, amma ko inda babu irin wannan doka, gidan kirki zai amsa tambaya dalla-dalla. Matar da ta ɗauki wayata ta ce in ba ta minti biyu ta tambayi kicin, ta dawo da amsa a kan kowane abinci ɗaya bayan ɗaya. Da ta ce mini kawai babu matsala, da hankalina bai kwanta ba.

Na kuma gaya wa uwargidana irin wurin da za mu je da irin shigar da ake yi a can, ko da yake na ɓoye sunansa. Ba na ganin hikima a cikin ba-zatar da za ta sa mace ta shiga wuri tana jin tufafinta ba su dace da shi ba, ko ta tarar da jerin abincin da babu ko ɗaya da take sha'awa a ciki. Na san abin da take so da abin da take turewa gefen faranti, kuma da wannan na karanta jerin abincinsu tun kafin in kira, ba da nawa son ba. Na roƙe su kada su yi mana waƙa ko tafi, domin ita mai kunya ce, idon jama'a yana hana ta sakewa. Lissafin kuɗi kuma na daidaita shi da su tun da rana, har da ladan hidima, domin kada takarda ta zo ta zauna a tsakaninmu a ƙarshen dare.

Da muka isa, mai karɓar baƙi ya gane ni, ya gaida uwargidana da ladabi, ya kai mu teburin lungun ba tare da ya duba littafi ba. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wajen saurayin da ya yi mana hidima na ga wani abin da ya ƙara a kan haka, wato sanin lokacin da ba a zuwa. Bayan an kwashe faranti na biyu na fara maganata, da muryar da nake magana da ita a ɗakinmu, kuma ta ji tun daga kalmar farko. Ina tsakiyar magana na hango shi ya taho da butar ruwa, ya dubi fuskarta, ya ga tana share ido da gefen mayafinta, sai ya juya a hankali ya koma inda ya fito. Bai dawo ba sai da ya ji ta yi dariya.