Abin da matuƙan jirgin Yauri suka koya mini

Gyaran injin kwale-kwale ne ya zaunar da ni a bakin ruwan Yauri, kuma a nan na gane inji shi ne ƙaramin abu a harkar tuƙi. Duk yaro mai ƙarfin damtse zai ja igiya ya tayar da shi. Wuyar aikin ita ce sanin abin da ke kwance ƙarƙashin ruwa.

Da aka kammala madatsar Kainji a kan kogin Neja a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa masu yawa. Itatuwan da ruwan ya rufe kuwa suna nan. Kututturansu na tsaye a ƙasa, suna jiran cikin jirgi. Akwai wani dattijo Basarke da nake yi wa gyara. In muna tafiya sai ya nuna fili fetal, ruwa kawai, ya ce nan gari ne a da, can kuma kurmi ne, ya karkata jirgi. Ni ban ga komai ba, shi kuwa kamar hanyar gidansu yake bi.

Wajensa na koyi cewa sau biyu Neja ke cika a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka. Baƙin ruwa sai hunturu yake isowa, bayan ya yi watanni yana gangarowa daga tsaunukan Gini ta Mali da Nijar. Hanyar da ka bi lafiya lau a Janairu, in ruwa ya ja da bazara, ita za ta fasa maka jirgi.

Tun hatsarin Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, a Mayun 2021, inda jirgi mai ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse, ake ta maganar rigar ruwa da hana lodi fiye da kima. Daidai ne, kuma ni ma ba na shiga jirgi yanzu sai da rigar. Amma abin da ke damuna daban ne. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2016, ana ɗaukar hotunan masu homa da gora. Su kuwa tsofaffin da suka haddace ƙasan tafkin Kainji suna ta ƙarewa, samari masu sabon inji kuma ba su da haƙurin zama kusa da su, sauri suke yi su kai kasuwa su juyo.