Abin da idonka ya gani, shi za ka rubuta

A Ingila ba ka isa ka kira kanka ma'aikacin jin daɗin jama'a ba sai sunanka yana cikin rajistar hukumar Social Work England, wadda ta karɓi wannan aiki a Disamban 2019. Mai digirin farko a wani fanni yakan bi ta digiri na biyu, shekara biyu, kuma kaso mai tsoka na karatun a bakin aiki ake yin sa: kwana 70 a wata ma'aikata, sannan 100 a wata, galibi ta ƙaramar hukuma. Ta nan na bi.

Yawancinmu tausayi ne ya kawo mu, amma doka ce ke jan ragamar aikin. A Dokar Yara ta 1989, sashe na 17 na yaron da ke buƙatar tallafi ne, na 47 kuma na bincike ne idan ana zargin ana yi masa mummunar cutarwa. Inda iyali za su faɗa tsakanin biyun, sau da yawa rahotonka ne zai nuna.

Shi ya sa ba abin da aka fi matsa mana a kai kamar rubutu. Ka rubuta "gidan ƙazanta ne", sai mai duba aikinka ta zagaye shi da biro ta turo maka takardar: "Me ka gani?" Kwanukan da abinci ya bushe a ciki? Katifa ba zanin gado? Firij ba komai sai madarar da ta lalace? To, rubuta haka, ra'ayinka ya zo daga baya, da hujjarsa. Wata rana alƙali zai karanta, ko shi yaron idan ya girma ya nemi fayil ɗinsa, domin doka ta ba shi dama.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Victoria Climbié, 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa, wadda azabar masu riƙonta ta kashe a Landan a Fabrairun 2000. Binciken Lord Laming, da ya fito a 2003, ya nuna akwai ma'aikaciyar da ta ɗauki ƙamewar da yarinyar ke yi a gabansu a matsayin ladabin 'ya'yan baƙar fata. Ni da na tashi ina durƙusa wa manya, na san ladabi, na kuma san ba ya sa yaro rawar jiki.

Yanzu abokan aiki kan leƙo teburina idan iyalin 'yan Afirka ne: "Ai al'adarku ce, ko?" Wani lokaci ita ce, kamar yaron da ba ya kallon babba ido cikin ido, kuma nakan kare iyayen a kan haka ba kunya. Amma kafin in amsa sai na tambaya ko an zauna da yaron shi kaɗai, da harshen da yake ji, ba tare da mai riƙonsa ya zama tafinta ba.