Wuta Mara Hayaƙi a Dajin Biyalowiyeza

Cikin kaka na bar birnin Warso na nufi gabas, na yada zango a garin Hainufka, daga nan mota ta kai ni ƙauyen Biyalowiyeza da ke bakin iyakar Folan da Belarus. Yawancin masu zuwa wannan daji ɓaunan Turai ne ke jawo su, ni kuwa matattun itatuwa na zo gani, domin a tsakiyar gandun, inda ba a shiga sai da ja-gora mai izini, idan bishiya ta faɗi ba a ɗauke ta, nan take zama har ta koma ƙasa.

Ba mu yi nisa da ƙofar katako ta shiga gandun ba, sai ja-gorarmu ta tsaya a kan wani gungume mai farin ɓawo, wanda naman gwari (dangin naman kaza) mai kama da kofaton doki ya fito a jikinsa, wato Fomes fomentarius. Inda gungumen ya tsage na taɓa cikinsa, na ji shi da taushi da danshi, fari, yana rabuwa zare-zare. Kusa da shi akwai kututturen sifurus, wata bishiya mai ganye kamar allura, wanda cikinsa ya yi ja-ja-ja ya tsattsage ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu, ana murza shi yana zama gari. Na farkon shi ake kira farin ruɓa, na biyun kuma jan ruɓa, kuma abin da ya raba su shi ne liginin.

Liginin shi ne sinadarin da ke ba itace tauri, yana kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen itace, kuma ya lulluɓe selulos, wanda shi ne abincin da naman gwari ke nema. Selulos sarƙa ce ta sukari mai tsari ɗaya, don haka enzayim, wato sinadarin da halitta ke fitarwa don narka abinci, na iya bin ta yana yanka ta gaɓa-gaɓa. Liginin kuwa a cukurkuɗe yake, mahaɗansa iri-iri ne, babu wani mabuɗi guda da zai buɗe shi. Wannan ne ya sa hanyar da naman gwari na farin ruɓa ke bi ta daɗe tana burge ni: zaruruwansa na fitar da enzayim da ke fizge elektron daga jikin liginin, sai abin da ya rage ya kasa tsayuwa, ya riƙa tsinkewa da kansa. Ƙonewa ce a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi.

A 1983 masu bincike a Amurka suka gano liginin feroksidas a cikin wani naman gwari na farin ruɓa mai suna Phanerochaete chrysosporium, enzayim ne da ke aiki da haidurojin feroksaid wanda naman gwarin ke samarwa da kansa. Ɗan'uwansa manganis feroksidas shi ya fi ba ni mamaki. Enzayim ya yi girma da yawa, ba zai iya ratsa bangon ƙwayoyin itace mai ƙarfi ba, saboda haka sai ya sauya ma'adinin manganis zuwa yanayi mai zafin aiki, asid ɗin oksalik ya ɗauke shi ya kutsa da shi can ciki, tamkar ɗan aike. Akwai kuma wani enzayim mai suna lakes, mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda iskar oksijin yake amfani da ita. Jan ruɓa bai wahalar da kansa da wannan duka ba. Yana haɗa ƙarfe da haidurojin feroksaid ya tarwatsa selulos ya cinye, ya bar liginin a baya, shi ne jan garin da ya maƙale a yatsuna.

Muna komawa ne na lura da wani tsohon gungume da ya nutse rabi cikin ƙasa, gansakuka ta rufe shi, kuma ƙananan bishiyoyin sifurus sun jeru a kansa a layi ɗaya, saiwoyinsu a cikin ruɓaɓɓen itacen. Na durƙusa na daɗe ina kallonsu, har sai da ja-gorar ta kira ni daga nesa, domin rana ta fara yin sanyi.