Shafi arba'in da na zubar a kan Kanta

Har yau in na tuna shafi arba'in ɗin nan sai raina ya sosu. Kundin kammala digirina na Kimiyyar Siyasa a kan masarautun Kebbi ne, sai na ɗauko zancen tun daga Kanta, sarkin da ya kafa daular Kebbi, da birninsa Surame, na gangaro jihadin 1804, na yada zango wurin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Wata uku cur. Malamina ya karanta, ya ajiye biro, ya ce, "Wannan ai tarihi ka rubuto. Ina tambayarka ta siyasa?"

Ba ni da ita. Sarautar nan ɗaya ce, amma kowane fanni da inda yake kama ta. Mai tarihi jerin sarakuna da zamaninsu yake bi. Lauya zai buɗe tsarin mulkin 1999 ya nuna maka babu aikin da ya yanka wa sarakuna. Mu kuwa namu shi ne: wa ke yanke magana, ina ya samo ikon, me ya sa ake bin sa?

Da na gane haka sai na matse aikin. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, wato hukumar mulki ta sarakuna, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da iznin riƙe su. To in mai shinkafa da makiyayi suka saɓa a fadama, ƙofar wa suke nufa? Gunduma ɗaya na ɗauka a ƙasar Argungu, na zauna da dagatai da kansiloli. A zauren hakimi na ga amsar: takalma jere a waje, masu ƙara a kan tabarma, ana kiran dattawan da suka san iyakar gonar, ba wanda ya ambaci takarda.

Can ma na kusa zamewa, don hirar farashin buhu da taki tana da daɗi, alhali ta masu tattalin arziki ce. Ba ta zama tamu sai ka tambayi wa ke rabon takin, su wa ake tsallakewa.

Tarihin da ya tsira a kundin shafi biyar ne, daga 1976 ya fara. Kanta ya samu layi biyu. Da tun farko na rubuta tambayata a layi ɗaya na kai wa malam kafin in shiga laburare, da wata ukun nan bai salwanta ba.