Gidajen da Suka Tashi a Kufan King's Cross

Na daɗe ina bibiyar yadda aka farfaɗo da unguwar King's Cross a birnin Landan, wadda ke gefen hanyar ruwan Regent da aka haƙa aka buɗe a 1820 domin jigilar kaya. Shekaru da dama filin ya zama kufai, cike da rumbunan kwal, tsofaffin layukan dogo da ƙasar da dattin masana'antu ya gurɓata, har sai da aka amince da shirin sake gina kimanin eka 67 a 2006.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka mutunta tsofaffin gine-ginen. Rumbun hatsin da aka gina a 1852 ya koma makarantar zane-zane ta Central Saint Martins a 2011, sannan ƙarafan manyan tankunan iskar gas guda uku, waɗanda aka kwance aka gyara aka sake kafawa a bakin ruwa, yanzu sun kewaye gidajen zama. Ana kuma ɗumama gidaje da ruwan zafi daga cibiya ɗaya, wanda ke rage asarar makamashi a ƙasar da sanyinta yake da tsanani.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai. An rage adadin gidaje masu sauƙin haya da aka yi alkawari tun farko, kuma gidajen cikin tankunan nan sun fi ƙarfin ma'aikacin da ke share titunan unguwar kowace safiya.