Kafin Ku Taɓa Takardar Kakanni

Ƙannena masu niyyar digiri na biyu ko na uku a fannin adana kayan tarihi, ku fara da ilimin sinadarai. Ni daga sashen tarihi na fito, ina ganin tunda ina karanta Larabci da ajami, saura aikin hannu ne kawai. Wannan zaton ya jawo mini asarar da har yau take ci mini rai.

Wani malami ya ba ni aron littafin fiƙihu na kakansa, cikin gafaka, domin bincikena. Wasu takardun sun kanannaɗe, sai na ɗora musu takarda mai ɗan laima na danne, yadda na karanta ana yi. Da na ɗaga, layukan ƙasa sun bi ruwa. Tawadar ta gawayi ce da ƙaro, shi kuwa ƙaro ruwa na narkar da shi ko bayan shekara ɗari. Da na gwada ɗigo guda a kan wasali ɗaya, da na gane. Akwai kuma tawadar bagaruwa da ƙarfe, wadda ke komawa ruwan ƙasa tana cin takarda har ta huda ta, laima kuma ƙara mata ƙarfi take yi. Ido kan ruɗe tsakaninsu, amma a ƙarƙashin hasken infared (hasken da ido ba ya gani, sai da na'urar ɗaukar hoto ta musamman) ta gawayi tana nan baƙa wulik, ta ƙarfe kuwa sai ta dusashe.

Abin da ya fi ciwo, ban ɗauki hoton shafin ba kafin in taɓa. Malamin bai yi faɗa ba, cewa ya yi Allah ya kiyaye gaba. Ku ɗauki hoto, ku rubuta halin da kuka sami kowane shafi, ku sa lamba da fensir a wata takarda daban, domin littattafanmu ba a ɗinke su ba. In suka hargitse, sai dai ku bi kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba, ita ma wani lokaci gara ta cinye ta.

Ku riƙa ɗaga takarda zuwa haske. Sau da yawa za ku ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardun da aka yi a arewa maso gabashin Italiya, suka ratso Sahara. Wannan kan taimaka wajen ƙiyasta zamanin rubutu.

Kada ku ɗauko taken binciken da ya fi ƙarfinku. Tarin littattafai guda a Arewa House ta Kaduna, ko a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya ishi digiri. Kafin ku amince da mai duba aikinku, ku tambaya ko akwai ɗakin gwaji da za ku shiga.

Salatef da lamineshan kuwa, ku nisance su. Duk gyaran da ba za a iya warware shi ba, ɓarna ce. Masu wannan aiki da kunun sitacin alkama da siririyar takardar Japan suke liƙi, saboda ana iya cire su gobe.

Da yanzu zan fara, yanayinmu zan bincika: bushewar hunturu da ke sa takarda karyewa, da laimar damina da ke kawo fumfuna. Yawancin ƙa'idojin ajiya a Turai aka tsara su, inda wuta ba ta ɗaukewa. A wurinmu, na'urar sanyaya ɗaki da ke tashi tana mutuwa ta fi ɗakin ƙasa mai kaurin bango wahalar da takarda.